An yi wa sensar boila baifas kuma an manta da ita, ya zan yi?

Dan_Boila:
Salam yan uwa ma'aikatan kamfani, don Allah shawara nake nema. A inda nake aiki sensar da ke kashe boila, wato tukunyar da ke dafa ruwa ya zama tururi, in ruwa ya yi ƙasa ta dinga tirif ba gaira ba dalili, ruwa cike amma ta kashe wuta, sai oga ya ce wa mai instrumen ya sa mata waya ya tsallake ta, wato ya yi mata baifas, kafin a kawo sabuwa. To har yau sabuwa ba ta zo ba, ba a rubuta komai a littafi ba, yan shif ɗin dare ma wasu ba su sani ba. Wallahi in na shiga aiki hankalina ba ya kwanciya. Baifas ɗin ne laifi ko yadda aka yi shi?

Malam_Instrumen:
Wa'alaikumussalam ƙanena. Baifas a kansa ba haramun ba ne, mu ma muna yi in za mu gwada na'ura ko mu canza ta, amma da sharaɗi. Sai an cika fomit, wato takardar izinin aiki, wanda ke da iko ya sa hannu, a rubuta dalili da lokacin da za a cire, a rataya tag a kan fanel, a sa a littafin miƙa aiki duk shif. Kuma abin da mutane suka fi mantawa, in ka cire mai gadi dole ka sa wani a madadinsa, wato mutum ya tsaya yana duba gilashin da ke nuna yawan ruwan boila da idonsa yana rubutawa kuma ya san zai kashe wuta da hannu ba sai ya jira oga ba. Ƙa'idar IEC 61511 ta ƙasa da ƙasa kan na'urorin kariya a masana'antu ma haka ta buƙata. Naku kuwa ba ko ɗaya. Boila in ruwa ya ƙare wuta na ci bututun sai su yi jawur, wani ya zo a rikice ya buɗe ruwan sanyi a kai, nan take fashewa.

Sarkin_Famfo:
Malam gaskiya ka faɗa amma kai ma ka san halin da ake ciki, kayan gyara daga waje ake odarsu ga tsadar dala, in layin aikin kamfani ya tsaya kai za a fara kira. Yaro ya cika magana a ce ya cika kawo matsala, gobe a neme shi a rasa.

Hajiya_Sefti:
Sarkin Famfo na fahimce ka, shi ya sa ba na so ya je yana jayayya da baki, ya rubuta. Ku duba Piper Alpha, dandalin haƙar mai a tekun Sikotlan, 6 ga Yulin 1988. Yan rana sun cire bawul ɗin sefti na wani famfo don gyara, takardar izinin aikin ba ta kai hannun yan dare ba, ɗaya famfon ya tsaya sai suka kunna wanda aka cire wa bawul ɗin, gas ya fita wuta ta tashi. Famfunan kashe gobara kuma an mayar da su sai an kunna da hannu saboda masu nutso da ke aiki a ruwa, da wutar ta kama babu wanda ya samu ya kunna su. Mutum 167 suka rasu. Duk matakan nan da dalili aka ɗauke su, matsalar ba a riƙe su da kyau ba ne. Dan Boila yau ɗin nan ka rubuta a littafin shif cewa sensar na kan baifas, ka sa kwanan wata da sa hannunka, ka kai wa jami'in sefti. Kuma a binciki me ke sa ta tirif, sau tari datti ne ya taru a kanta ko waya ta saki, wankewa ko ɗaure wayar kawai take so ba sai an jira sabuwa ba.

Dan_Boila:
Na gode ƙwarai Allah ya saka. Na rubuta a littafi, na kuma faɗa wa yan dare baki da baki. Malam Instrumen don Allah in za a ciro sensar a wanke dole sai an kashe boilar ta huce gaba ɗaya ko akwai yadda ake keɓe ta?