Shingen tare yaro a wuri mai faɗin santimita 210: wanne ne zai riƙe?

Maman Ɗan Rarrafe:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana. Tsakanin falo da kicin akwai buɗaɗɗen wuri ba ƙyaure, faɗinsa santimita 210. Gefe ɗaya bangon bulo ne, ɗaya gefen ginshiƙin kankare, ga kuma tayil a gindin bango da ya ɗan turo waje. Yaron wata tara, ya fara kama abu yana miƙewa. Duk shingen da nake gani na santimita 75 zuwa 82 ne. In sayi irin wanda ake tokarewa in yi masa ƙari, ko da wata dabara? Gidan haya ne, ba na son huda bango sai in ya zama dole.

Mai Gyaran Gida:

Wa alaikumus salam Hajiya. Na tokarewa ba zai yi miki ba a wannan faɗin. Abin da ke riƙe shi sanduna huɗu ne masu zare da roba a baki, kina murzawa suna danna bango. Ƙarin da ake sayarwa yawanci guntaye ne, misali santimita 7, 14 da 28. Kafin ki cike ragowar santimita 130 sai kin jera biyar ko shida, kuma kowace mahaɗa wurin lanƙwasa ce. Kina ƙara ɗaurewa, tsakiyar na yin ciki. Ranar da yaro ya kama sanduna ya girgiza da nauyinsa, shingen gaba ɗaya zai kife, shi kuma ya bi shi. Shi ya sa kamfanoni kan rubuta iyakar faɗi da adadin ƙarin da suka yarda a sa. Kada a wuce wannan adadin, ko da ya shiga.

Wanda ya dace da wurinki shi ne mai falle-falle, wanda ake haɗa fallayen da hinji, ɗaya daga ciki na da ƙaramar ƙofa, a ɗaure bakunansa biyu a bango da sukuru. Falle ɗaya kan kai santimita 60 zuwa 72. Uku masu 72 sun ba ki 216, wato ya ɗara wurinki da 6, kuma haka ake so. Kada a miƙe shi ɗoɗar. A bar shi ya ɗan karya gwiwa a mahaɗai, sannan a ƙulle mahaɗan. Miƙaƙƙe yana rawa in an tura tsakiyarsa, mai ɗan kwana kuwa yana tsaye da ƙafarsa. Ki sa fallen ƙofar a inda aka fi bi.

Kafinta Tsohon Hannu:

Malam ya faɗi gaskiya, amma akwai hanya ta biyu in mai fallen bai samu ba: a rage faɗin wurin. A kafa tsayayyen shinge na katako mai faɗin kamar santimita 130 a gefen bangon bulo, sai a rataya shinge na yau da kullum a ragowar 80 ɗin. Aibinsa ɗaya: bakin da ke tsakiya ba shi da bangon jingina, don haka dole a yi masa ƙafa da ta fita gaba da baya, ko a ɗaure shi a ƙasa. Idan ba haka ba ƙofar za ta riƙa jansa har sakata ta daina shiga.

Game da tayil ɗin gindin bango, shi ne ke ɓata aiki da yawa. In aka ɗaure maƙalin ƙasa (abin da ke haɗa shingen da bango) a kan tayil, na sama a kan filasta, shingen zai karkace. Maganinsa a tsayar da katako mai kaurin santimita 2 zuwa 3 a jikin bango, a fafe gindinsa daidai turowar tayil, a duba miƙewarsa da lebur (ma'aunin daidaito na magina), sannan a ɗaura maƙalan a jikin katakon. Huji biyu ko uku sun isa kowane gefe: bakin huji na milimita 8, fisha (robar da ake cusawa a huji don ta riƙe sukuru) ta milimita 8, sukuru mai tsawon santimita 7 ko 8 don ya ratsa katako da filasta ya kama bulo. A ginshiƙi a ja da baya daga kusurwa aƙalla santimita 5, in ba haka ba kankaren zai ɓantare. Kada kuma a huda daidai saman soket ko ƙasan makunni, nan waya ke bi.

Maganar gidan haya kuwa, huji na milimita 8 ɗan abin cikewa da fenti ya rufe shi ranar tashi. Robar shingen tokarewa ma takan kwashe fenti, wani lokaci fiye da haka.

In za a ba kafinta ko mai walda ya yi: sanduna a tsaye kawai, tazara kada ta wuce santimita 6, tsayi kamar 75, ba wata sanda a kwance a tsakiya, don tsani ce aka yi wa yaro. A goge duk wani kaifi, fenti ya zama marar dalma, don zai sa baki.

Anti Nas:

'Yar'uwa, in na kanti za ki saya ki duba kwalin. Na ƙa'idar Turai na ɗauke da EN 1930, na Amurka ASTM F1004, kuma dukansu don yaran da ba su wuce wata 24 ba aka gwada su. Da yawa daga cikin masu faɗin da ake tallatawa a intanet na tare karnuka ne, ba a gwada su don yara ba, kuma wasu na da ƙaramar kafa a ƙasa wadda mai rarrafe zai bi ya wuce.

Wani zai ce miki ki sayi na raga mai naɗewa. Galibinsu iyakarsu wajen santimita 140, kuma ko an sami mai tsawo, ragar na saki a tsakiya, yaro ya cusa kai ta ƙasa. Ki kuma guji tsohon yayi mai buɗewa kamar almakashi, mai ramuka masu kusurwa huɗu da baki a sama, yana kama wuya. Ban ga kin ambaci matakala ba, amma in akwai ko da taki biyu ne a bayan wurin, ba a sa na tokarewa sam, kuma ƙofar ta buɗe ta ɓangaren da ba gangara.

Maman Ɗan Rarrafe:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Babu matakala. Na sake awo: ƙasa 208, sama 211. Da wanne zan yi lissafi?

Mai Gyaran Gida:

Da na ƙasa, Hajiya, sannan ki cire kaurin katakon da Malam Kafinta ya ce. In kowanne ya turo santimita 2 bayan tayil, saura 204. Falle uku masu 72 za su shiga, kwanar ce kawai za ta ɗan ƙaru, sai ki sa ta fuskanci falo don kada ta ci miki wurin aiki a kicin. Bayan an ɗaura, ki duba tazarar da ke tsakanin falle na ƙarshe da katako, ita ma kada ta wuce santimita 6. Ki janye kujera da duk abin takawa daga kusa, ki kuma sake ɗaure sukurorin bayan mako guda, don katako kan ɗan saki.