Muhawara: Sabon shiga ya fara da na'urar hangen nesa, ko da madubi mai ido biyu?

Tsohon Hannu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da na daɗe ina faɗa, yau ina so mu baje ta a faifai. Duk wanda ya fara sha'awar kallon taurari, kada ya sayi na'urar hangen nesa a shekararsa ta farko. Ya nemi madubi mai ido biyu, irin 10x50, wato mai ninka girman abu sau 10 da gilashi mai faɗin milimita 50, ya san sama tukuna. Na ga na'urori da dama sun ƙare a bayan ƙofa suna shan ƙura, don mai su ya fita dare uku bai iya kamo komai ba sai Wata, zuciyarsa ta mutu.

Maman Biyu: Wa alaikumus salam Baba. Ka yi haƙuri, a nan kam ban bi ka ba. 'Yata tana da shekara tara ranar da ta fara ɗora ido a na'ura ta ga Zuhal da zobensa. Ta ɗago ta leƙa bakin bututun, wai ko hoto muka liƙa a ciki, ta koma ta sake kallo, ta ƙi matsawa. Har yau ita ke tashina mu fita. Madubi mai ninki 10 ba zai nuna maka zoben nan ba, sai ka kai wajen ninki 30. Abin da ke kama zuciyar mutum ai shi ya kamata a fara ba shi.

Malamin Lissafi: Bari in sa lissafi a ciki, don maganar Baba tana da tushe. Ƙwayar ido in ta buɗe a duhu ba ta cika wuce milimita 7 ba. Gilashi mai faɗin milimita 50 yana tara haske kusan ninki 50 na abin da idonka ke tarawa. Sannan 10x50 yana nuna maka fili mai faɗin digiri 6 ko makamancin haka, wato Wata 12 a jere. Na'ura kuwa in ka kai ta ninki 100, rabin digiri ne ya rage maka, kamar mai leƙe ta kafar mabuɗi. Ga shi duniya tana juyawa digiri 15 a awa ɗaya, don haka abin da ka sha wahala ka kamo, cikin minti biyu ya ratsa ya fice. Kaza da 'ya'yanta ma a madubin hannu suka fi kyau, don yawancin na'urori ba sa iya ɗaukar su gaba ɗaya.

Sabon Shiga: Yayye na, ni ne misalin da Baba ke bayarwa. Na sayi wata da aka rubuta ninki 525 a kwalinta, bakinta milimita 60. Da na taɓa ta sai komai ya hau rawa, kafin ya tsaya tauraron ya gudu. In na sa mata gilashin ido mai ƙaramar lamba kuwa, wato wanda ake ɗora ido a kai a leƙa, dusu-dusu kawai nake gani. Na fara zaton idona ne ke da matsala.

Malamin Lissafi: Idonka lafiya lau ƙanena. Ka ninka faɗin baki a milimita sau biyu, iyakar ninkin da zai yi amfani ke nan. Taka 120 ce, shi ma sai iska ta kwanta. Lambar kwalin talla ce kawai.

Maman Biyu: To ai kun gani. Wannan laifin muguwar na'ura ne mai siraran ƙafafu, me ya shafi sauran? Ku ba shi irin ta Dobson mai milimita 150, wadda take zaune a ƙasa daram, ka tura ta da hannu ta tsaya inda ka bar ta. John Dobson a bakin titunan San Faransisko yake kafa nasa, masu wucewa da ba su san sunan tauraro ko ɗaya ba suna tsayawa su kalli Wata. Bai ce su je su yi shekara suna koyo ba.

Tsohon Hannu: Shi ne ke kamo musu abin, 'yata, su kallo kawai suke yi. Wanda yake shi kaɗai a tsakar dare wa zai kamo masa? Ku tuna Galileo a 1610 da abin da bai wuce ninki 20 ba ya ga watanni huɗu na Mushtari, kuma yau in ka jingina gwiwar hannunka a kan katanga za ka gan su da 10x50, 'yan ɗige-ɗige a jere, gobe ka tarar sun sauya wuri. Hyakutake na Japan ma da madubi mai ido biyu ya gano tauraruwa mai wutsiya a 1996.

Malamin Lissafi: Baba a nan zan ɗan ja da kai. Nasa 25x150 ne, ƙato ne da sai an ɗora shi a kan mazauni. Na'ura biyu ce aka haɗa, ba abin ratayawa a wuya ba.

Mai Kallo Daga Bene: Ku ba ni dama in shigo. Duk kun manta da tambayar inda mutum yake tsaye. Ni fitilu sun kewaye ni ta ko'ina. Da madubin hannu na nemi Andromeda, wata babbar tarin taurari wadda haskenta ya yi tafiyar shekara miliyan 2 da rabi, abin da na samu ɗan tabo ne kamar hayaƙi, shi ma da ƙyar. Amma Wata da Mushtari da Zuhal da Zara hasken birni bai dame su ba. Zara ma na gan ta kamar jinjirin wata, na daɗe a tsaye ban motsa ba. Mai duhu a kusa ya bi shawarar Baba, mu na cikin haske na'ura ce ta riƙe mu.

Tsohon Hannu: Wannan na karɓa, ban yi tunanin mazauna cikin haske ba. Amma ina nan kan bakana ga wanda ke da duhu. Kuma ko wanne mutum ya riƙe, kada ya kuskura ya juya shi ga Rana, ido yana ƙonewa nan take kuma ba ya dawowa. A gaya wa yara wannan kafin a miƙa musu.

Sabon Shiga: To ni da na riga na saya fa, in jefar?

Maman Biyu: Ko kusa. Ka sa gilashin ido mai lamba mafi girma, 20 ko 25, ka ajiye sauran. Da rana ka saita ɗan madubin nema da ke manne a jikin na'urar a kan wani abu mai nisa, ka rataya abu mai nauyi a tsakiyar ƙafafun don rawar ta ragu. Ka fara da Wata yana rabi, ka bi layin da haske da duhu suka haɗu, nan ramukan suke fitowa. Ka dawo ka ba mu labari.