Karon farko a jirgin ruwan shaƙatawa zuwa Cozumel da Roatán: ina neman shawara

Baban Amira, Houston

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata shida ke nan a Houston da iyalina, kuma duk ranar da muka je Galveston shan iska sai yara sun tsaya suna kallon manyan jiragen ruwan da ke tasha, suna tambayata yaushe za mu shiga. Bana na ƙudurta cika musu alkawari. Na ga tafiyar kwana bakwai da ke tashi daga Galveston, ta tsaya a Costa Maya da tsibirin Cozumel na Meksiko da tsibirin Roatán na Honduras, sannan ta dawo inda ta taso. Mu biyar ne: ni da maiɗakina, da yara biyu masu shekara 9 da 6, da Hajiya mahaifiyata wadda za ta zo mana ziyara daga Kano. A cikinmu babu wanda ya taɓa kwana a kan teku, Hajiya kuwa ko doguwar tafiyar mota tana sa ta jiri. Ina tsakanin farkon Agusta, da kuɗin ya fi sauƙi, da hutun Disamba. Wane ɗaki ya dace, yaya ake yi da salla da abinci, kuma wane kuɗi ne ke ɓoye bayan na tikiti? Allah ya saka wa duk wanda ya amsa.

Dattijon Bronx

Wa alaikumus salam Baban Amira. Kafin ka biya ko dala ɗaya, ka karɓi hoton bizar Hajiya ka duba gurbin da ke nuna adadin shigowa. Idan harafin M ne, tana iya shiga Amurka sau da yawa. Idan S ne ko lamba 1, sau ɗaya kawai aka ba ta, kuma ta cinye shi ranar da ta sauka a filin jirgin sama. Mutane da yawa suna zaton tunda jirgin daga Galveston ya tashi kuma Galveston zai dawo, ba a bar ƙasa ba. An bar ta, kuma ranar dawowa jami'an shige da fice ne za su tarbe ku kamar yadda suke yi wa duk mai shigowa. Na jawo hankalinka a kan wannan ne domin a watan Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar ziyara da ake bai wa 'yan Najeriya ta shigowa ɗaya mai wata uku. Kai da maiɗakinka, idan katin zama na dindindin gare ku, ku riƙe shi tare da fasfo mai sauran aƙalla wata shida. Sannan ka rubuta wa kamfanin jirgin, ka faɗa musu fasfon ƙasar da kowa ke riƙe da shi, su amsa maka a rubuce abin da Meksiko da Honduras ke bukata, domin wanda takardunsa ba su cika ba a tasha ake barinsa, kuma galibi ba a mayar masa da kuɗinsa.

Abu na biyu shi ne agogo, kuma da idona na ga abin da yake jawowa. Jirgi yana da lokacinsa, wanda ba lallai ne ya dace da na garin da aka tsaya ba. Honduras ba ta sauya agogo a shekara, don haka a watan Agusta Roatán tana bayan Galveston da awa ɗaya. Idan jirgin ya ci gaba da bin lokacin Galveston, wayarka kuma ta kama lokacin tsibirin da kanta, za ta nuna maka ƙarfe huɗu alhali a jirgi biyar ta yi. A tafiyarmu ta biyu muna tsaye a baranda aka yi ta kiran sunan wasu mata da miji a lasifika, daga baya aka janye tsani, jirgi ya fara ja da baya, sai ga su a guje a kan gadar tasha. Ba a koma an ɗauke su ba. Wanda haka ta same shi, shi zai nemi jirgin sama da masauki da kuɗinsa, ga kuma kayansa sun tafi. Ka ɗaura agogon hannu na allura, ka daidaita shi da na jirgi kowace safiya, kuma ka sa wa ranka dawowa awa ɗaya kafin lokacin da aka rubuta a bakin ƙofar fita.

Maman Sadik, Dallas

Sannu Baban Amira, ka gaida maiɗakin naka. Sau uku muna wannan tafiyar, bari in fara da ɗaki tunda ka ambaci jirin Hajiya. Jirgi ya fi lilo a goshinsa da bayansa da kuma benayen sama, don haka ka nemi ɗaki a tsakiyarsa, a hawa na ƙasa ko na tsakiya, wanda sama da shi da ƙasa da shi duk ɗakunan kwana ne. Ɗakin da ke ƙarƙashin wurin ninkaya ko kusa da zauren kiɗa ba ya barin mutum ya yi barci, tun asuba ake jan kujeru a kansa. Yawancin ɗakuna ba sa ɗaukar fiye da mutum huɗu, saboda haka ku biyar kuna bukatar biyu, kuma akwai masu ƙofa a tsakani, sai dai su ne ke fara ƙarewa.

Idan aljihu zai ɗauka, ɗaya daga cikin biyun ya zama mai baranda. Na san wasu za su ce ɓarnar kuɗi ce tunda barci kawai ake yi a ɗaki, amma ga macen da ke sa hijabi lissafin daban ne. Benen sama, inda wuraren ninkaya suke, cike yake da mutane cikin kayan wanka da kiɗa da shaye-shaye tun hantsi har dare, kuma Hajiya ba za ta sake a can ba. A baranda kuwa za ta zauna da carbinta ta sha iska, tana kallon inda ruwa ya haɗu da sama, wanda shi kansa yana rage jiri. Ku tafi da citta, ku tambayi likita game da ƙwayar meclizine ko filastar da ake mannawa a bayan kunne, musamman tunda dattijuwa ce kuma mai yiwuwa tana shan wasu magunguna. Maganin jiri kafin jirin ya zo ake shansa.

Kuɗin da ya fi ba sababbi mamaki shi ne tukuicin ma'aikata. Kowace rana ana ɗora wa kowane fasinja, har da yara masu shekarun naku, tsakanin dala 16 da 20, wato ku biyar a kwana bakwai za ku biya daga 560 zuwa 700. Ni ban taɓa neman a cire shi ba, domin masu gyaran ɗaki da masu kawo abinci suna yin watanni ba su ga iyalansu ba, kuma wannan kuɗin yana cikin abin da suke dogaro da shi. Abincin babban zaure da na ɗauki-da-kanka suna cikin tikiti, haka ruwa da shayi da kofi na yau da kullum, amma lemon kwalba da intanet da hotuna da yawon tsibiri da ajiye mota a tasha duk daban ake biya. A cikin jirgi ba a ciniki da tsabar kuɗi, katin ɗaki ake miƙawa, don haka ka sa wa katin yara iyaka tun ranar farko. Wayoyi kuma a sa su a yanayin jirgin sama da zarar an bar tasha, in ba haka ba za su kama layin teku mai tsadar gaske.

Ga saƙo ga maiɗakinka da Hajiya: turaren wuta ba ya shiga jirgi. Kasko, gawayi, kyandir, dutsen guga, butar lantarki, duk abin da ke zafi ana karɓe shi a wurin bincike, domin babu abin da ake tsoro a teku kamar gobara. Humra da turaren fesawa sun wadatar. Ku sa ƙaramar butar roba ta alwala a jaka, ba za ku samu a can ba. Manyan akwatuna ana karɓarsu a tasha, wani lokaci sai magariba suke isowa ɗaki, don haka fasfo da magunguna da dadduma da kayan canji su kasance a jakar hannu.

Malam Na Zongo

Assalamu alaikum. A kan salla, tafiyar ta haura nisan ƙasaru nesa ba kusa ba, kuma babu inda za ku tsaya kwana huɗu, don haka azahar da la'asar da isha'i raka'a biyu ne. Ana yin farilla a tsaye matuƙar mutum zai iya, kuma waɗannan jiragen suna da girman da yawancin lokaci tsayuwar ba ta wahala. Idan teku ta tashi ko jiri ya yi ƙarfi, Hajiya ta zauna abinta. Daga wannan yankin alƙibla tana arewa maso gabas. Kamfas ɗin waya yakan ruɗe saboda ƙarfen jirgi, amma talabijin ɗin ɗaki yana da tashar da ke nuna taswira da inda jirgin ya dosa, daga nan sai ka ƙiyasta. Ranar tafiya jirgi yakan daɗe a kan saiti ɗaya, idan kuwa ka ji ya juya sosai kana cikin salla, sai ka juya gwargwadon iko. Lokutan salla rana ce ta fi ba da su, ga ta a fili babu gini babu dutse.

Abinci kuma kada ka bari sai kun shiga. Akwai sashen bukatu na musamman da ake rubuta wa makonni da dama kafin tafiya, a tambaye su ko za su iya tanadar naman halal. Ko ba a samu ba, ba za ku ji yunwa ba: kifi da jatan lande da ƙwai da shinkafa da kayan lambu suna nan kullum, kuma akan samu girkin Indiya na ganye da wake mai ɗan yaji. Abin lura shi ne naman alade a wurin karin kumallo, da giyar da ake zubawa a wasu miya da kayan zaƙi. Daren farko ka kira shugaban masu hidimar teburinku ka yi masa bayani, zai riƙa kawo maka jerin abincin gobe tun yau. Da yawa daga ma'aikatan 'yan Indonesiya ne Musulmi, sun san abin da kake nufi tun kafin ka gama magana. Kilishi da dambun nama da Hajiya za ta zo da niyyar kawowa, a bar su a Kano, domin tun a filin jirgin saman Amurka ake hana nama shiga, kuma a Cozumel ma ba a yarda a sauko da nama ko 'ya'yan itace daga jirgi ba.

'Yar Damagaram

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma a batun wata na fi karkata ga Disamba. Lokacin mahaukaciyar guguwa a wannan tekun daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, ya fi tsanani daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba, shi ya sa kuɗin ke sauka. Jirgi yakan kauce wa guguwa, amma yana iya soke Roatán ya kai ku wani wuri. Sannan zafin Agusta mai gumi ne, ba irin busasshen zafin Kano ba. Disamba ma tana da nata: iskar sanyi daga arewa takan tayar da mashigin tekun Meksiko a ranar farko da ta ƙarshe, kuma hazo yakan jinkirta jirage a Galveston.

Ka sayi inshorar tafiya wadda ta haɗa da jinya da kwashe majiyyaci, musamman don Hajiya, domin asibitin jirgi biya ake yi kuma inshorar aiki sau da yawa ba ta aiki a wajen ƙasa. Yara su riƙa wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, man goge hannu ba ya kashe ƙwayar cutar amai da gudawa da ke yaɗuwa a jirage yadda sabulu da ruwa ke kawar da ita. Baƙar fata ma rana na ƙona ta, ku shafa man kariya, ku kuma tafi da maganin sauro saboda ƙananan ƙudajen rairayi masu cizo a Roatán. Atisayen gaggawa na ranar farko dole ne, an tsaurara dokarsa bayan hatsarin jirgin ruwan Costa Concordia a Janairun 2012 inda mutum 32 suka rasu, don haka ka kai Hajiya da yara su ga wurin taruwarku da idonsu.

Baban Amira, Houston

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Bizar Hajiya tsohuwa ce mai harafin M, kuma na rubuta wa kamfanin yau. Mun tsayar da Disamba. Saura tambaya ɗaya: yara suna son ganin kufan Tulum, tsohon garin ƙabilar Mayawa a Meksiko, ni kuma na ga masu kai yawo na waje sun fi na jirgi araha.

Dattijon Bronx

Tulum ba a tsibirin yake ba. Daga Cozumel sai an hau jirgin fito na kusan minti 45 zuwa Playa del Carmen, sannan a yi tafiyar mota ta kusan awa ɗaya, a dawo ta haka, kuma fiton yana girgiza fiye da babban jirgi. Idan za ku je, ku saya ta hannun jirgi, domin waɗanda suka saya ta nan kaɗai ake jira idan sun makara, Hajiya kuma ta huta a ɗaki ranar. Idan kufan Mayawa kawai yara ke so, akwai San Gervasio a cikin Cozumel ɗin, tasi zai kai ku ya dawo da ku kafin azahar. A Roatán kuwa na waje ba laifi idan kun fita da wuri: rairayin West Bay yana da murjani da kifaye dab da gaɓa, kuma a Punta Gorda akwai Garifuna, masu tsatson Afirka, waɗanda Turawan Ingila suka kwaso daga tsibirin St. Vincent suka sauke a can a 1797. Punta Gorda ta fi nisa daga tasha, don haka ku fara da ita, kuma ku yi ciniki da direba na zuwa da dawowa kafin ku shiga mota.