Neman kalma: me za mu kira "sikirin" a ƙwallon kwando?

Mai tambaya, kocin matasa:
Assalamu alaikum kociyoyi da malaman harshe. Kalma ɗaya nake nema. Abin nan da ɗan wasa zai je ya tsaya cak a kan hanyar mai tsaron abokinsa don abokin ya kuɓuce ya samu sarari, wanda a fili muke ce wa sikirin, wasu kuma su ce pik, me za mu kira shi da Hausa? Yara suna faɗin kalmar, amma ba ta gaya musu abin da za su yi da jikinsu. Ka ce sikirin, yaro ya tuna fuskar waya. Ina son wadda za a iya ƙwalawa ana cikin gudu, wadda za ta zauna da aikatau, kuma ta haifi 'ya'ya, tunda abin iri-iri ne.

Tsohon ɗan wasa:
Wa alaikumus salam Koci. Garkuwa mana. Ai kare abokinka kake yi.

Malamar Hausa:
Yallaɓai, garkuwa ba za ta yi ba. Mai garkuwa juya ta yake yi duk inda sara ya fito, wanda ke bayanta kuma fakewa yake yi. A nan ba fakewa ake so ba, wucewa ake so. Sannan ka ji yadda za ta fita a baki: "je ka yi garkuwa da mai lamba bakwai." Kunnen mutanen yau wani abu daban zai ji.

Wani mai bibiyar zancen:
To a ce tare. Ya tare masa hanya, shi ke nan.

Mai tambaya:
Na yi tunaninta, amma tana da aiki tun tuni. Idan dogo ya yi tsalle ya doke ƙwallon da aka jefa kafin ta kai zoben kwando, cewa muke ya tare. Kalma ɗaya ba za ta yi wa masu hari da masu tsaro aiki a fili ɗaya ba. Ga shi a rubuce ba a sa karin sauti, "ku tare tare" sai ya rikita mai karatu.

Alƙalin wasa:
Bari in sa baki ta ɓangaren usur, don ni ne nake busa wa yaranku laifin nan kullum. A dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, sikirin yana halatta ne idan mai yin sa yana tsaye ba motsi a lokacin da jiki ya haɗu da jiki, ƙafafunsa biyu a ƙasa, bai kuma fita daga da'irar jikinsa ba. Ba turo gwiwa, ba buɗe gwiwar hannu, ba karkato ƙugu. Idan wanda za a tsare yana tsaye kuma yana ganinka, kana iya matsowa dab da shi muddin ba ka taɓa shi ba. Idan ta bayansa ka zo inda idonsa ba ya kaiwa, dole ka bar masa taku ɗaya. Idan yana cikin gudu, sai ka ba shi tazarar da zai iya tsayawa ko ya kauce, taku ɗaya zuwa biyu. Ka saɓa ɗaya daga cikin waɗannan, laifin masu hari ne, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa, laifin kuma ya hau kanka.

Abin da na fi gani shi ne yaro ya iso a makare, ya ga mai tsaro zai wuce, sai ya ɗan jawo ƙafa ɗaya gefe ya tura kafaɗa. Tafin ƙafa ɗaya kacal ya gusa, amma an gama. Don haka ku samo kalmar da tsayuwa take cikinta. Duk wadda za ta sa yaro ya ji kamar bin mutum zai yi, ku jefar da ita.

Koci na biyu:
Maganar alƙali ta kawo mu gida. Shinge. Aikataunsa kuma kafa: kafa shinge. Abin da aka kafa ba ya tafiya. Mai yi shi ne mai shinge. Laifin da alƙali ya bayyana kuma sai a ce shinge mai tafiya, yaro na ji ya san an yi abin da bai dace ba, don bai taɓa ganin shinge yana tafiya ba. Gaɓa biyu ce, tana fita da ƙarfi: "Shinge! Shinge dama!" Mai tsaro ma zai iya ƙwala ta don ya faɗakar da abokinsa.

Tsohon ɗan wasa:
Me ya hana katanga? Ta fi shinge ƙarfi, kuma mai sikirin nagari katanga ne.

Koci na biyu:
Yaya, katanga ta 'yan ƙwallon ƙafa ce, mutum huɗu ko biyar a jere gaban bugun tazara, kuma aikin tsaro ne. Namu mutum ɗaya ne, kuma hari muke kaiwa. Bayan haka katanga tana sa yaro ya ɗauka aikinsa ya ƙare da tsayuwa, alhali rabin aikin ke nan. Mai shinge yakan fi kowa samun sarari bayan ya kafa, saboda mai tsaronsa ya tafi taimako.

Malamar Hausa:
Shinge ta kwanta mini. Akwai kange ma, ya kange shi, wadda ma'anarta ta yi kusa sosai. Sai dai sunanta, kangiya, ba kowa ke amfani da shi ba, shinge kuwa ba wanda zai tambaye ka fassara. Ina ganin a bar kange a matsayin bayani: ka kafa shinge ka kange mai tsaro.

Wani mai bibiyar zancen:
Akwai matsala fa. A Turancin wasan akwai abin da masu tsaro ke yi da ake kira hej, kuma in ka buɗe ƙamus, fassarar hej ita ce shinge. Ba za a rikice ba?

Koci na biyu:
Wanda ke riƙe da ƙamus a bakin fili ne kawai zai rikice. Dubi abin da ake yi. An kafa wa mai ƙwallo shinge, sai dogon da ke tsaron mai shingen ya fito taku ɗaya ko biyu ya tsorata mai ƙwallon, ya rage masa gudu, sannan ya koma kan mutuminsa da sauri. Wannan ai leƙe ne. Ya leƙo ya koma. Ba ruwansa da shinge. Mu abin da ido ya gani muke raɗa wa suna.

Tunda an taɓo masu tsaro, sauran ba su da wuya: bi ta sama, bi ta ƙasa, musanya, sai rufar mai ƙwallo su biyu.

Mai tambaya:
Madalla. To mu gwada ta a kan babban, pik-an-rol. Idan ta ɗauki wannan, ta ɗauki sauran.

Tsohon ɗan wasa:
Kar dai wani ya fassara rol ɗin ya ce mirgina, don wallahi akwai yaron da zai kwanta a ƙasa.

Koci na biyu:
Gangara. Kafa ka gangara. Ka kafa wa mai ƙwallo shinge, ya goga kafaɗarsa da taka ya wuce, kai kuma ka juya ƙirjinka yana kallon ƙwallo, ka gangara zobe hannu a sama. Gogar kafaɗar nan ita ce sirrin. In mai ƙwallo ya bar rata tsakaninsa da mai shinge, mai tsaro zai kutsa ta nan, an yi aikin banza. Kuma kada mai ƙwallo ya tashi kafin shingen ya kafu, don gaggawarsa ce ke jawo wa mai shinge laifi.

Wanda ke son ganin kafa-ka-gangara tsantsa ya nemi wasannin John Stockton da Karl Malone a ƙungiyar Utah Jazz ta gasar NBA ta Amurka. Kaka 18 suka yi tare, daga 1985 zuwa 2003, kowace ƙungiya ta san abin da za su yi, amma hana su ya gagara. Sun kai wasan ƙarshe na NBA a 1997 da 1998, Chicago Bulls ta doke su duka biyun. Stockton ya bar wasa da miƙa ƙwallon da aka ci sau 15,806, har yau ba wanda ya kamo shi, kuma kaso mai yawa hannun Malone suka faɗa.

Idan mai shingen gwanin jifa ne, maimakon ya gangara sai ya ja baya wajen layin maki uku ya jira. Wannan kafa ka fice. Dirk Nowitzki na Dallas ya wahalar da dogaye da shi shekara da shekaru: ka bi mai ƙwallo, ya jefa ta saman kanka, ka tsaya a kansa, mai ƙwallo ya shige. Idan kuma ya lura mai tsaronsa ya yi saurin leƙowa, sai ya fasa kafawar ya zame zuwa zobe. Wannan zamiya.

Malamar Hausa:
Kafa ka gangara, kafa ka fice. Ginin Hausa ne sak, irin na faɗi-ka-mutu. Ba ni da gyara.

Tsohon ɗan wasa:
To ga nawa, tunda an ƙi garkuwata. Wanda ake kafawa ta bayan mai tsaro, inda ba ya gani, a ce shingen ƙeya. Shingen baya zai sa a tambaya bayan wa, ƙeya kuwa kowa ya san ba ta da ido.

Alƙalin wasa:
Na karɓa hannu bibbiyu. Shi ne mai taku ɗayan nan da na faɗa. Shingen ƙeya, bar taku.

Koci na biyu:
Da shi ma an warware wanda ake jingina wa tawagar ƙasar Sifaniya. Kafa-ka-gangara ne na mutum uku: dogo ya kafa ya gangara, sai gwanin jifa ya kafa wa mai tsaron dogon shingen ƙeya, sannan shi ya fice layin maki uku. Masu tsaro uku, kowa da tambayar da zai amsa cikin daƙiƙa ɗaya. Sai mu ce gangaren Sifaniya.

Na nesa da ƙwallo ba sa buƙatar dogon zance. Wanda ake saukowa a kafa don mai jifa ya hauro, shingen ƙasa. Wanda ake kafawa a gicciye ƙarƙashin zobe, shingen gicciye. Biyu a jere, ɗaya bayan ɗaya, jerin shinge. Wanda aka yi kamar za a kafa aka wuce da gudu, shingen bogi. Amma akwai wanda Golden State suka riƙa yi wa Stephen Curry: dogaye biyu su tsaya da 'yar rata a tsakaninsu, ya ratsa ta tsakiya a guje, su haɗe kafaɗa kafin mai bin sa ya iso. Turawa da ƙofar lif suke kwatanta shi. Ni ƙyaure zan ce. Rufe ƙyaure.

Alƙalin wasa:
Ƙyauren nan ku rufe shi da wuri. In mai tsaro ya riga ya sa jiki a ratar sannan kuka matse shi, shinge mai tafiya ne har guda biyu, ɗaya zan zaɓa in busa.

Mai tambaya:
Saura uwar duka, wasan da aka tsara tun daga benci, kowa ya san inda zai tsaya da inda zai bi. Misali wanda ake ce wa ƙaho: mai ƙwallo a sama, dogaye biyu a kusurwoyin layin jifan kyauta, masu jifa biyu a lungunan fili. Ni shiri nake cewa.

Koci na biyu:
Shiri ya yi faɗi, atisaye ma shiri ne. Ƙulli ya fi. An ƙulla musu, ƙullin farko, ƙullin fita daga hutu. Ga daƙiƙa 24 kacal a agogon jifa, lokacin da ake ba masu hari su jefa ƙwallo, koci na buƙatar abin da zai faɗa a numfashi ɗaya.

Malamar Hausa:
Ƙulli yana ɗauke da ƙanshin makirci, amma ban ga laifin hakan ba a nan, tunda abokin karawa ake ƙulla wa. Abin da nake tsoro shi ne jam'insa a bakin yara. A gwada shi a fili tukuna.

Mai tambaya:
To na rubuta shinge da kafa, da kafa-ka-gangara, kafa-ka-fice, zamiya, shingen ƙeya, ƙyaure da leƙe. Ƙulli da shiri zan ba yara duka biyun a atisaye, wadda suka riƙa kira da kansu ita za ta shiga takarda. Alƙali, in ka samu lokaci ka kawo mana sunayen laifuffukan masu tsaro, a buɗe musu nasu zancen daban.