Wai murnar da Amurkawa ke yi ranar zaɓe ta gaske ce ko riya?

Ɗan Garwa:
Salama alaikum jama'a. Ɗan kawuna da ya ci lotiri na biza ya tafi Amurka shekaru da yawa, ranar zaɓensu ya turo mana hoto a gurup ɗin gida na WhatsApp, ya fito daga wurin jefa ƙuri'a an manna masa wata 'yar sitika a ƙirji mai launin tutarsu wai alamar ya yi zaɓe, yana washe baki kamar ango, ya rubuta a ƙasa wai ya gode wa Allah da wannan ƙasa. Ni dai abin ya ɗaure min kai, yaron nan yana Garwa ko katin zaɓe bai taɓa yi ba. Haka suke dukkansu ko shi ne ya zaƙe?

Hajiya ta Marwa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ba riya ba ce wallahi. 'Yata tana can, ranar da aka rantsar da su suka zama 'yan ƙasa ta kira ni tana kuka, an ba kowa 'yar ƙaramar tuta a hannu, wani tsoho a gefenta sai share hawaye yake da hular kansa. Shekara biyar fa ake jira da katin zama kafin a nemi takardar ɗan ƙasa, ga jarrabawa kan tarihin ƙasar. Wanda ya sha wannan wahala dole ya riƙe abin da hannu biyu.

Malam na Kusuri:
Hajiya ta yi gaskiya, kuma har 'yan asalin ƙasar ba kowa ya samu ƙuri'ar a sama ba. Matansu sai 1920 aka ba su dama a duk ƙasar. Baƙaƙen fata na kudu kuwa an yi ta toshe musu hanya da jarrabawar karatu da haraji har aka yi musu dukan kawo wuƙa a gadar Selma a 1965, a shekarar aka sa hannu kan dokar kare haƙƙin zaɓe. To tsohuwar da ta ga wannan da idonta in ta tsaya a layi tana godiya ai ta san abin da take gode wa.

Direban Ngaundere:
Malam a gafarce ni amma kar a zuzuta. Binciken Gallup, kamfanin jin ra'ayin jama'a, na 2025 ya nuna kashi 58 cikin ɗari ne kawai ke cewa suna alfahari sosai da zama Ba'amurke, mafi ƙanƙanta tun da suka fara tambayar a 2001, kuma 'yan jam'iyyar Rifablikan sun fi 'yan Dimokurat alfahari nesa ba kusa ba. Mu ma nan Kamaru ranar bikin ƙasa ta 20 ga Mayu ka ga yara a fareti, ko lokacin CAN, gasar ƙwallon Afirka, a filin Roumdé Adjia na Garwa, mutanen da ba sa ga maciji da juna suna rungumar juna saboda ƙwallo ɗaya, washegari kowa ya koma kukan tsadar mai. Sannan Ɗan Garwa, shekarar yaron nawa da ya tafi? Nan sai ka kai 20 kake zaɓe, can 18.

Ɗan Garwa:
Kai direba ka kama ni, 19 yake da ya tafi, ashe na zalunci yaro. Bari in kira shi in ba shi haƙuri, in ma bai yi barci ba.