Wa ke da alhakin sa'a ta farko bayan hari: tambaya kan kuɗin ko-ta-kwana a ƙananan hukumomi

Mai Bibiyar Kasafi ya rubuta:

Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka san aikin ƙaramar hukuma daga ciki ce. Tun ranar 11 ga Yuli, 2024, da Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, ake ta muhawara kan abin da za a yi da kuɗin, kuma kusan kowa hanyoyi da rijiyoyin burtsatse da albashi yake ambata. Ban ji ana kawo batun shirin ko-ta-kwana ba, alhali kwanaki kaɗan kafin wannan hukunci, a ranar 29 ga Yuni, 'yan ƙunar baƙin wake suka kai hare-hare a Gwoza, a wurin biki da asibiti da kuma wurin jana'iza, har sai da aka kwashi masu munanan raunuka zuwa Maiduguri, tafiyar fiye da kilomita 100. Shin doka ta ba ƙaramar hukuma hurumin ware kuɗi domin shirin tunkarar harin ta'addanci da agajin gaggawa? Idan ta ba ta, daga wane aljihu kuɗin za su fito, kuma me ya kamata a fara yi da su?

Tsohon Ma'aji ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Sai mu raba maganar gida biyu, domin yaƙi da ta'addanci daban, tanadin abin da zai biyo bayan hari daban. Na farko ba na ƙaramar hukuma ba ne. Kundin tsarin mulki na 1999 ya sa soja da 'yan sanda a hannun gwamnatin tarayya kaɗai, sashe na 214 ya hana kafa wata rundunar 'yan sanda bayan ta ƙasa, sannan dokar yaƙi da ta'addanci ta 2022 ta ɗora aikin daidaita hukumomin tsaro a kan ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro. Shugaban ƙaramar hukuma yana jagorantar taron tsaro da DPO da jami'in DSS da hakimai, amma ba ya iya umartar ko da kurtu ɗaya.

Na biyun kuwa nata ne, ko da yake ba da wannan suna aka rubuta shi ba. Jadawali na huɗu na kundin ya damƙa mata kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu, ya kuma sa ta cikin kula da makarantun firamare da harkar lafiya. To, ku duba inda aka fi tayar da bama-bamai: tashar motocin Sabon Gari a Kano a Maris 2013, tashar Nyanya da ke Abuja a Afrilu 2014, kasuwar Terminus ta Jos a Mayu 2014, da Kasuwar Monday a Maiduguri sau da dama. Hukumar da ke tura ma'aikatanta da rasit suna karɓar kuɗin rumfa da kuɗin lodi a kullum ba ta da bakin cewa ƙofofin fita na kasuwar, da hanyar da motar kwana-kwana za ta bi ta shiga, da binciken kaya a bakin tasha ba su shafe ta ba. Ban da wannan, tsarin kula da bala'o'i na ƙasa ya tanadi matakai uku: hukumar agajin gaggawa ta ƙasa (NEMA) a tarayya, wadda aka kafa a 1999, hukumomin agajin gaggawa na jiha (SEMA) a jihohi, sai kwamitin agajin gaggawa a kowace ƙaramar hukuma. A wurare da yawa wannan kwamiti na uku a takarda kawai yake, ba ofis, ba ma'aikaci, ba kaso a kasafi, sai an yi ambaliya ko gobara a tuna da shi domin rabon buhunan shinkafa.

Batun aljihu shi ne mai wuya. Ƙananan hukumomi gaba ɗaya suna da kashi 20.60 cikin ɗari na kuɗin da ake rabawa daga asusun tarayya, jihohi 26.72, tarayya 52.68. Amma shekara da shekaru wannan kaso yana bi ne ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi da sashe na 162 na kundin ya tanada, inda ake cire albashin malaman firamare da fansho da kason masarautu da kuɗin ayyukan da ake kira na haɗin gwiwa, kafin ragowar ta iso sakatariya. Na yi aiki a inda ragowar ba ta wuce albashi da ɗan kuɗin gudanar da ofis ba. Hukuncin kotu ya ce a daina, sai dai aiwatarwa tana tafiyar hawainiya. Akwai kuma kason ƙananan hukumomi na asusun kula da muhalli, wanda ya dace da ambaliya da zaizayar ƙasa fiye da hari, ko da yake mota ɗaya da kwamiti ɗaya ne za su yi aikin duka biyun. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne kada a zuba wannan tanadi cikin abin da ake kira kuɗin tsaro, domin kuɗi ne da ake kashewa ba tare da bayani dalla-dalla ba. A buɗe masa layinsa a kasafi, kansiloli su amince da shi, mai binciken kuɗi ya iya bin sawunsa.

Jami'ar Lafiya ta amsa:

Yallaɓai Ma'aji ya warware ɓangaren doka, ni kuma zan taɓo tambayar ƙarshe, wato abin da za a fara saye. Mafi yawan waɗanda za a iya ceto bayan fashewar bam ko harbi zubar jini ke kashe su, kuma cikin ɗan lokaci kaɗan. Kafin NEMA ko SEMA su taso daga babban birnin jiha, masu Keke Napep da direbobin tasha da maƙwabta sun riga sun kwashi mutane, sau da yawa ta hanyar da ke ƙara wa mai rauni lahani. Saboda haka horar da waɗannan mutane yadda ake danne rauni da ɗaure shi, da yadda ake ɗaukar wanda ya karye, ya fi sayen sabuwar mota amfani, kuma kuɗinsa bai kai nata ba. Motar ɗaukar marasa lafiya ma ba sayenta ne matsala ba. Na ga wadda ta shekara a harabar wani asibiti tayoyinta sun sace, saboda ba a ware mata kuɗin mai da gyara da alawus ɗin direban dare ba.

Bayan horo sai jini: rajistar masu ba da gudummawa da aka san rukunin jininsu da lambobin wayarsu, da firji mai aiki da hasken rana a babban asibiti mafi kusa. Ya kamata kuma shugabannin ƙananan hukumomi su san cewa dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware kashi 5 cikin ɗari na asusun kula da lafiya a matakin farko domin jinyar gaggawa, kuma dokar 2017 ta wajabta wa asibitoci karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin ajiya ba. Ma'aikata da dama a karkara har yanzu tsoro suke ji, domin ba wanda ya zaunar da su da DPO aka fayyace musu wannan.

Ɗan Karkara ya amsa:

Hajiya, Allah ya saka da alheri, amma ku duka maganar gari kuke yi. Mu da ke ƙauyukan Zamfara da Katsina ba bam a kasuwa ne damuwarmu ba, mahara ne a kan babura da tsakar dare, kuma sace ɗaliban Ƙanƙara a Disamba 2020 da na Jangebe a Fabrairu 2021 da na Kuriga a Maris 2024 ya nuna cewa wanda yake kusa shi ke kare mutane. A ganina duk kuɗin da ƙaramar hukuma ta samu ta zuba su ga 'yan sintiri. Sannan ina shakkar cewa biyan kuɗi kai tsaye zai sauya wani abu, muddin gwamna ne ke zaɓar wanda zai zama ciyaman ta hannun hukumar zaɓen jiha.

Tsohon Ma'aji ya sake amsawa:

Malam Ɗan Karkara, shakkarka ta biyu tana kan hanya, ba ni da ja a kanta. A kan ta farko ne nake da gyara. Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a Oktoba 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a Janairu 2024, kuma duka biyun gwamnatin jiha ce ta ɗauke su, ta horar da su, take biyan su. Wannan shi ne matakin da ya dace, domin mun ga abin da 'yan sa-kai marasa linzami suka jawo na ramuwar gayya tsakanin al'ummomi, kuma rundunar da ke karɓar albashi daga hannun ciyaman tana iya komawa ta siyasa ranar zaɓe. Abin da ƙaramar hukuma za ta yi wa ƙauye shi ne isar da labari da wuri: na'urorin oba-oba a hannun dagatai da shugabannin makarantu inda babu sabis, tun da lambar gaggawa ta 112 ba ta da amfani a inda waya ba ta kamawa, da sanin wa za a kira idan an ga giftawar babura, da katange makarantu, da keɓe wurin da za a sauke 'yan gudun hijira tare da ruwa da banɗaki, maimakon a rufe firamare wata uku saboda an cika azuzuwa da mutane. Duk wanda yake son ya gwada ƙaramar hukumarsa, ya je wurin kansilan mazaɓarsa kafin a gabatar da kasafin baɗi, ya nemi a nuna masa layin agajin gaggawa, da nawa aka sa a bara, da nawa aka fitar a zahiri.