Ɗaki kusa da ofis ko gida mai kicin a bayan gari?

Ɗan Auta:
Salamu alaikum. Shekarata 24, na samu aiki, dole in kama haya kafin ƙarshen wata. Ɗaki na farko tafiyar minti 10 ce a ƙafa zuwa ofis, amma babu kicin, layin kuma cike yake da masu soye-soye har tsakar dare. Na biyu yana da kicin da filin ƙwallo a bayansa, sai dai awa ɗaya da rabi ne a mota zuwa, haka dawowa. An yi min awon hawan jini, 138/88. Wanne zan ɗauka?

Mai Keke:
Ka sayi keke, magana ta ƙare.

Ɗan Auta:
Yaya, kilomita 20 a tsakanin manyan motoci?

Uwar Biyu:
Ƙanina, shekara uku na yi a irin ɗakin farkon nan. Mai gidan ya hana kunna risho. In taso aiki ƙarfe takwas, ƙafa ta kumbura, ƙamshin mai ya tare ni tun daga bakin layi. Kullum leda mai maiƙo a hannun dama, lemo mai sanyi a hagu, in ci a bakin katifa in kwanta. Kilo 17 na ƙara. Ranar da likita ya ce sukarina ya hau, a barandar asibiti na zauna ina kuka, ban cika talatin ba. Abin da ya fi min ciwo, 'yan uwa suka ce kwaɗayi ne. Wallahi ba kwaɗayi ba ne, abin da ke ƙofata shi nake ci.

Malamar Jinya:
Allah ya ƙara lafiya, Anti. Gwangwanin lemo mai mililita 330 yakan ɗauki sukari kusan giram 35, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce kamar giram 50 a yini. Amma Auta, kada ka raina tafiyar nan. Hukumar tana son minti 150 zuwa 300 na motsa jiki a mako, zuwa da dawowarka na kwana biyar sun ba ka 100. Wancan kuwa awa uku kana zaune a mota, barci ya ragu, kuma ƙarancin barci yana ƙara sha'awar zaƙi da maiƙo. Ka sake awon jinin, ɗaya bai isa ba.

Baban Gida:
Girki a gida rabin kuɗin sayen na waje ne.

Mai Keke:
Rabi a ina? Haɗa gas da firji da kuɗin mota, kunnen doki za su yi.

Uwar Biyu:
Malama, ke lissafin takarda kike yi, ni a jikina na gani.

Malamar Jinya:
Ni ma irinku nake aunawa kullum, Anti. Akwai masu kicin da tukunyarsu ta yi ƙura.

Baban Gida:
Auta, a kama mai kicin, mu kuma mu fara nema maka wadda za ta shige shi!

'Yar Lungu:
Filin ƙwallon nan ma kada ka dogara da shi. Namu da muka taso muna zagayawa da asuba, rana ɗaya muka ga an jibge bulo, yanzu shaguna ne. Wani bincike na 2016 a birane 14 ya nuna mazauna unguwannin da suka fi daɗin tafiya a ƙafa suna fin sauran motsa jiki da minti 68 zuwa 89 a mako. Mu fa? Gefen titi masu kaya sun cinye, fitila ba ta kamawa, mace ba ta isa ta fita bayan magariba ba.

Ɗan Auta:
Dillali ya ce gobe da safe yake son amsa.

Mai Keke:
'Yar Lungu, ku fili kuka rasa. Mu kwata aka haƙa a bakin hanya aka bar ta a buɗe, wata na takwas ke nan.